Shekara biyu da tiraka: da na sani da farantai na ƙara tun farko

Ranar da na fara shakkar tirakar nan, wato ƙarfen da ke juya farantan solata su bi rana, ba ranar da ta lalace ba ce. Ƙalau take aiki. Wajen ƙarfe ɗaya na rana na leƙa ɗakin batir, na tarar kwanturolar caji ta nuna batir ya cika, ta rage abin da take ja daga farantai zuwa ɗan abin da firiza da fanka ke sha. Na fito waje, sai ga tirakar tana ɗan ƙuginta, tana karkata farantai shida zuwa yamma, tana bin rana kamar raƙumi da akala, tana tara mini wutar da ba ni da inda zan zuba ta.

Inda nake babu layin lantarki ko kusa, da sola kaɗai muka dogara. Kayan da na fara da su: farantai shida masu wat 400 kowanne, wato wat 2,400, da batirin litiyam, da kwanturola, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida. Tiraka kuwa, ga wanda bai san ta ba, ƙarfe ne da ake ɗora farantai a kai, yana juyawa da su daga gabas zuwa yamma don su riƙa fuskantar rana kai tsaye. Tawa mai juyi ɗaya ce. Akwai mai juyi biyu, wadda ke bin hawa da saukar rana tsakanin watanni, tunda a tsawon shekara rana tana karkata wajen digiri 23 zuwa arewa, ta sake yin kamar haka zuwa kudu.

Ba zan yi mata butulci ba, abin da aka ce tana yi tana yin sa. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa. Farantin da ke kafe wuri ɗaya, idan rana ta kauce masa da digiri 30, yana rasa kimanin kashi 13 cikin 100 na hasken da ke zuwa kai tsaye. Idan ta kauce da digiri 60, rabi ya tafi. Shi ya sa kafaffen faranti yake ragwanci da sassafe da kuma bayan la'asar. Da tiraka kuwa, tun hantsi bai gama ɗagawa ba wuta ta fara shiga sosai, kuma ba ta janyewa sai rana ta yi ja. A watannin farko har kujera nake ɗaukowa in zauna ina kallonta. Abin da aka saba samu daga mai juyi ɗaya a shekara shi ne ƙarin kashi 15 zuwa 25 cikin 100, mai juyi biyu kuma takan kai 30 zuwa 40 inda sama ke yawan zama garau. Abin da na gani a ranakun da rana ta buɗe bai saɓa wa wannan ba.

To ina matsalar? Lissafin da ya kamata in yi kafin in saya, sai bayan shekara na zauna na yi shi. Kashi 25 cikin 100 na wat 2,400 shi ne wat 600. Faranti ɗaya da rabi ke nan. Da farantai biyu na ƙara a kan kafaffen ƙarfe, da na samu ƙarin kashi 33, ba tare da injin juyawa ba, ba na'urar gano haske, ba ramin da na haƙa na cika da kankare don dasa turken da zai ɗauki wannan nauyi. Kuɗin tirakar da na dasa ta sun haura na farantai biyun nesa ba kusa ba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Wanda ke haɗe da babban layi, duk wutar da ya samar tana da wurin zuwa, in doka ta ba shi dama ya tura ta cikin layi. Shi ya sa manyan gonakin sola, musamman a Amurka, akasarinsu ke amfani da tiraka mai juyi ɗaya, kuma suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan su kula da ita. Mu da ke kan batir, tulu ne da mu, in ya cika ya cika. Ranar da ke damunmu ba ranar da ake ƙwalla rana ba ce, ranar da gajimare ya rufe sama ce, musamman in ya kwana uku a jere. A irin wannan rana haske ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba, a warwatse yake saukowa daga ko'ina a sama, babu abin da tiraka za ta bi. Hasali ma farantin da ke kwance yana kallon sama ya fi wanda aka karkatar samu. Tawa, da yake da na'urar gano haske take aiki ba da agogo ba, sai ta yi ta dawurwura, ta leƙa nan ta leƙa can tana neman inda girgije ya ɗan yi haske, tana shan ɗan abin da ya rage a batir. Ranar yalwa ta ƙara mini, ranar tsanani ta zuba mini ido. Ƙarin faranti kuwa ba ruwansa da wannan: in hasken ranar kaɗan ne, yana ƙara rabonsa a kan kaɗan ɗin.

Sai kuma ɗawainiya. Faranti ba shi da abin da ke motsi a jikinsa, shi ya sa masu ƙera shi ke iya ba da garantin ƙarfinsa na shekara 25. Tiraka tana da hannun ƙarfe mai miƙewa da janyewa, da boris, da makunnin da ke tsayar da ita in ta kai ƙarshe, kuma kowannensu yana da ranarsa. Wata safiya na fito na same ta ta ba gabas baya, tana nan yadda ta kwana tana kallon yamma. Na hau tsani na buɗe murfin makunnin, sai ga zanzaro ya gina ɗakinsa na laka daidai kan ɗan harshen ƙarfen. Da tsinke na kankare shi, amma rabin yini ya riga ya tafi, kuma da a ce ina tafiya ne da haka za ta yi ta kwana. Daga baya ruwa ya shiga hannun juyin, ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, na kashe mako uku ina jiran sabo daga wanda ya sayar mini. Ga shafa giris, ga ɗaure notocin da girgiza ke sassautawa. Iska kuwa ba a magana. Farantai shida a kan turke ɗaya faifai ne babba da iska ke samun wurin kamawa. Tana da na'urar da ke kwantar da ita in iska ta yi ƙarfi, amma duk daren da hadari ya taso, da tocila nake leƙawa ta taga in tabbatar ta kwanta.

Na fahimci inda shawarar sayen tiraka ta samo asali. A da, faranti shi ne kaya mafi tsada a duk tsarin, dole a tatse shi iya tatsa. Kamfanin Zomeworks, wanda Steve Baer ya kafa a 1969 a jihar New Mexico ta Amurka, ya yi suna da wata tiraka marar inji, wadda zafin rana ke tura wani ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, nauyinsa ya karkatar da farantan. Dabara ce mai ban sha'awa, kuma a zamaninta ta biya. Sai dai tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, ƙarfe da siminti da injin juyi kuwa ba su bi shi ba. Wanda ya ba ni shawarar da tsohon lissafi yake aiki, ni kuma ban bincika ba.

A shekara ta biyu na ƙara farantai huɗu kafaffu, biyu na ɗan karkatar da su gabas, biyu yamma, a kan kwanturola ta daban. Wannan ya ba ni wutar safe da ta yamma, wato abin da na sayi tirakar dominsa tun asali, kuma ranakun gajimare sun daina tilasta mini kashe firiza. Mai son yin haka ya kula da abu biyu. Kada ya haɗa mai kallon gabas da mai kallon yamma a jeri ɗaya mai bin juna, don wanda bai samu rana ba zai danne ɗan'uwansa. Sannan ya duba iyakar bolteji, wato ƙarfin turin wuta, da kwanturolarsa ke ɗauka, ya bar sarari, domin boltejin faranti yana hawa in gari ya yi sanyi, kuma ƙetare wannan iyaka na iya ƙona kwanturola.

Akwai wanda zan ce masa ya saya. Wanda filinsa ya ƙure, ba inda zai ƙara faranti ko ɗaya, tiraka na iya ƙara masa wuta. Haka mai famfon ruwa da ke aiki kai tsaye daga faranti ba batir, domin shi kowace awa ta rana ruwa ce a tanki, babu abin da ke zubewa a banza. In kuma za a saya, a nemi mai aiki da agogo da lissafin matsayin rana, a tambayi inda ake samun hannun juyin kafin a biya.

Tawa yanzu irin wannan famfon ruwa na haɗa mata, kuma can ta sami aikin da ya dace da ita. Duk da haka na ajiye sanduna biyu na ƙarfe da notoci a gindin turken, ranar da hannun ya sake ƙara zan daidaita ta da tsakiyar rana in ɗaure.