Zuwa Ga Yaya a Sabon Gari: Abin da Na Gani a Landan Kan Imel da Karɓar Kuɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri, da fatan Baba ya samu sauƙin ƙafar tasa, Inna da su Anti da yara duk suna lafiya. A miƙa mini gaisuwa ga masu yi mana ɗinkin hannu a cikin birni, Allah ya ƙara musu basira.

Ka tambaye ni abin da na gani a nan wanda zai amfani shago. Abu na farko da zan faɗa maka zai ba ka mamaki: bankunan Turawa ba su fi namu sauri ba. Tiransifa ta nan take da muke yi a gida, hukumar NIBSS, mai haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, ta kafa ta tun 2011. Ingila ta riga mu da shekara uku kacal, a 2008. Amurka kuwa sai a 2023 babban bankinta ya ƙaddamar da nasa tsarin mai suna FedNow, kuma har gobe akwai masu biyan haya da cekin banki a can. Wannan sunan mai asusu da kake gani kafin ka danna tura kuɗi, wanda ko mai shayi a Kwangila ya saba da shi, manyan bankunan Ingila sai a 2020 suka fara nuna irinsa. Don haka kada kowa ya raina mana tsarinmu.

Inda suka bar mu a baya shi ne abin da ke faruwa bayan kuɗi sun shigo.

Kamfanin da nake yi wa lissafi ƙarami ne, yadi da kayan ɗaki muke sayarwa ta intanet. Odar masu sari ta imel take zuwa, cikin Gmail. Kuɗi kuma Stripe ne ke karɓar mana, kamfanin da wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ailan, Patrick da John Collison, suka kafa a 2010. Tsakanin biyun akwai wata manhaja mai suna Zapier, wadda aikinta kamar na yaron shago ne da ake aika tsakanin rumfa da banki, sai dai ita ba ta barci. Umarni kawai ake ba ta: idan kaza ya faru, ki yi kaza. Mai saye ya aiko imel, na duba, na manna masa alamar "oda". Daga nan hannuna ya fita. Manhajar za ta ɗauki adireshinsa, ta sa Stripe ya buga takardar neman biya, a tura masa da mahaɗin da zai danna ya biya da kati. Da zarar ya biya, kwamfutar Stripe da kanta take sanar da namu tsarin. Sai rasit ya tafi wa mai saye, sabon layi ya shiga jadawalin lissafi na Google Sheets, saƙo ya je wa mai kula da sito cewa a ɗaure kaya. Wanda bai biya ba har mako ya zagayo, za a tura masa tunatarwa cikin ladabi.

Yaya, tsaya ka dubi wurin nan da kyau, domin shi ne ya sa na zauna rubutu. Shaidar biya daga kamfanin da ya riƙe kuɗin take fitowa, mai saye ba shi da hannu a ciki. Saƙon da kwamfutarsu ke aikowa yana ɗauke da hatimin sirri wanda ake tantance shi da shi, ba abu ne da wani zai zauna ya zana a wayarsa ba. Yanzu ka tuna yadda muke yi. Mutum ya turo hoton rasit ta WhatsApp, ka tsaya kana jiran alat, sabis ya ɗauke, mai mashin yana tsaye da kaya zai kai tasha. Ka saki kayan ne ko ka riƙe? In ka riƙe ka ɓata wa mutumin kirki rai, in ka saki wataƙila hoton na bogi ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa, wace rumfa ce a Sabon Gari ba ta da labarin alat na ƙarya? Ga kuma zaman daren da kake yi bayan isha'i, waya a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, kana neman wanda ya turo dubu tamanin da sunan matarsa. Raina yana ɓaci duk sanda na tuna, domin aikin da ke cin barcinka ana gab da Sallah, a nan babu ɗan Adam ɗin da ke yin sa.

Kuma ba sai ka jira Turawa ba. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015, irin wannan aikin yake yi, har ma Stripe ya saye shi a 2020. Akwai Flutterwave ma. A Paystack za ka iya buɗe shafin biya, ka tura mahaɗinsa, mai saye ya biya da kati ko tiransifa ko USSD, rasit ya je masa, kai ma sanarwa ta shigo imel ɗinka. Za su nemi BVN da katin shaida, cikakken asusun kasuwanci kuma yana buƙatar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Batun caji, tunda na san shi za ka fara tambaya. A nan Stripe yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin fens 20 a kan katin Ingila na yau da kullum, a Amurka kashi 2.9 da santi 30. Paystack kashi 1.5 ne da naira 100, amma komai yawan cinikin ba ya wuce naira 2,000. Ka ga babbar riga mai aska takwas ta naira 150,000, dubu biyu za a cire. Kuɗin kuma sai washegarin ranar aiki suke sauka a asusunka, wannan ka sani tun yanzu, tunda masu ɗinki ba sa jiran gobe. Zapier kyauta ce har zuwa ayyuka 100 a wata, daga nan biya ne da dala, kuma a halin da naira take ciki ban ba ka shawarar ka tsallake na kyautar ba tukuna.

Akwai abin da ban so a tsarinsu, kuma ba na so ka kwaso shi. Manhaja ba ta san mutum ba. Na ga tunatarwar bashi ta tafi wa wata dattijuwa a makon da mijinta ya rasu, domin kwanakin da aka saita sun cika. A wurinmu Alhajin da ke ɗinki a gidanmu tun zamanin Baba, in ya yi jinkiri, kai da kanka za ka je gaishe shi, kuma ba za a ambaci kuɗi ba sai in shi ya tayar. Wannan ya zauna a hannunka. Haka ma ciniki: a nan farashi ɗaya ne, babu "albarka", babu "sallama". Kai sai kun gama daidaitawa da baki sannan ka rubuta adadin ka tura mahaɗin.

Sai gargaɗi. 'Yan damfara a nan ta imel suke shigowa. Su kwaikwayi adireshin wanda kake sari a wurinsa, su ce lambar asusu ta canza. Saboda haka a kamfaninmu manhaja karɓa kawai take yi, ba a taɓa ba ta ikon fitar da kuɗi ba. Duk imel ɗin da ya zo da sabuwar lambar asusu, sai an kira mutumin a tsohuwar lambar wayarsa. Imel ɗin shago kuma a sa masa mukulli biyu, kalmar sirri da lambar da ake turowa waya, kuma kada yaran shago su riƙa shiga da shi.

Na san yawancin masu sayenmu na Tudun Wada da Samaru ba sa buɗe imel, su a bar su da POS da hannu-da-hannu. Ka fara da na nesa, mutanen Abuja da Legas da 'yan'uwanmu na ƙetare, waɗanda kaya ke tafiya ba ka ga idonsu ba. Mahaɗin ka tura musu ta WhatsApp yadda suka saba, imel ya zama ma'ajiyar shaida a gare ka. Babban ɗanka da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello zai iya haɗa wannan a yini guda, ka ce ya kira ni ranar Asabar da yamma mu bi shi tare. A gama kafin odar Babbar Sallah ta fara shigowa, domin akwai abokan aikina biyu a nan da ke son riga mai aska biyu, kuma da su nake so mu fara gwadawa. Ka turo mini farashi da hoton yadin.

Naka, ƙaninka.