Wane wasan kwaikwayo za ka saya wa ɗalibanka a wannan kaka?

Da an yanke gero an fara kai dammuna rumbu, sai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta farfaɗo. Ba mu muka zaɓi wannan lokaci ba, gado muka tarar. Tun kafin boko ya iso ƙasar nan samari da 'yan mata suke yin kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, su kwaikwayi manya gari yana kallo. Ciki ya cika, an sayar da ɗan riɗi da gyaɗa, mutane sun sami sukunin zama. Shi ya sa muke ajiye wasanmu a ƙarshen Nuwamba, kafin jarrabawar zangon farko.

Ina koyar da Hausa a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim, kuma duk shekara sai wani abokin aiki daga makarantun maƙwabta ya tare ni: "Malam, wane littafi zan sayo?" Tambayar tana da nauyi, domin abin da shugaban makaranta zai iya fitarwa ba ya wuce kuɗin wasa ɗaya, in an yi sa'a biyu.

Kafin ka hau motar Kano, zauna ka ƙirga 'yan matan da iyayensu suka yarda su tsaya gaban jama'a. Waɗanda suka ɗaga hannu a aji daban, waɗanda aka amince musu a gida daban, kuma na biyun su ne naka. Sannan ka duba rana. Ba mu da wuta, janareta kuma in an ɗauko haya ƙararsa takan danne muryar yara, saboda haka wasa tsakanin La'asar da Magariba yake. A Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6. In jama'a suka taru ƙarfe 4 da rabi, abin da ya rage maka bai kai awa ɗaya da rabi ba, da jawabin mai gari a ciki. Duk littafin da za ka ɗauka, da wannan ma'auni za ka auna shi.

A cikin tsofaffin wasanni, wanda na fi ba sabon shiga shawara ya saya shi ne Uwar Gulma na Mohammed Sada. Labarin Hayatu ne da matarsa Halima, miji mai shashanci da wulaƙanta iyali, da yaji, da iyaye, har gaban alƙali. Abin da ya sa nake fifita shi, kusan duk abin da yake bukata akwai shi a garinku: tabarma, buta, kujerar tsakar gida, babbar riga da rawanin aro. Yara ba sa wahalar haddace maganganunsa domin irin maganar da suke ji a unguwa ce. Kuma 'yan kallo suna shiga cikinsa da kansu. Shekarar da muka nuna shi, wata dattijuwa daga ɓangaren mata ta ɗaga murya ta ce wa yarinyar da ta fito a Halima, "'Yar nan, tashi ki tafi gidanku!" Na san a ranar cewa yaran sun yi aikinsu. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: wurin duka da wurin shashanci, kada ka bari a yi su a idon jama'a. A ji hayaniyar daga bayan labule ya isa, kuma iyayen yarinyar da ke zaune a wurin za su sake ba ka ita baɗi.

Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979, ya fi kusa da zuciyar ɗalibai, tunda a kan 'yar makaranta ne da mai kuɗi ya ruɗe ta da abin duniya ya ɓata mata rayuwa. Sunan ma karin magana ne, kulɓa na ɓarna ana cewa jaba ce. A makarantar 'yan mata zalla, inda su za su fito a mazan ma, ban ga wanda ya kai shi ba. A makarantar da ake haɗe kuwa sai ka yi tunani sau biyu. Gari ƙarami ne, kuma sunan wasa yakan bi yarinya har kasuwa, har ranar da za a zo neman aurenta. In za ka yi shi, je gidan da kanka ka gaida mahaifinta, ka zayyana masa rawar da za ta taka tun daga farko har ƙarshe, kada ka aika da takarda.

Wasan Marafa na Abubakar Tunau, na 1949, a kan tsabta da kiwon lafiya yake. Gajere ne, ya dace da 'yan ƙaramar sakandare, amma manyan ɗalibai sukan ga ya yi musu sauƙi.

Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi kuwa, a wajen daɗin Hausa da karin magana yana gaban su duka, kuma ina so kowane malamin Hausa ya mallake shi. Sai dai Maƙarfi mutumin rediyo ne, wasan kuma kunne ya fi yi wa hidima: zance mai tsawo, mutane da yawa, ga shi ginshiƙin labarin attajiri ne da ya auro karuwa ta tarwatsa masa gida. Ba zai shiga tsakanin La'asar da Magariba ba sai ka datse fiye da rabinsa, kuma abin da za ka datse shi ne daɗin. Saye shi don karatu a aji, a raba murya ana karantawa.

Akwai biyu da sunansu yakan ja malamai, ni kuma nake cewa a dakata. Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa a 1975 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana tafiya daga fada zuwa fada har ya ratsa hamada, da ayari da bayi da Larabawa. Wannan aikin masu dandamali ne da fitilu da ɗakin tufafi. Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare a 1971, yana bukatar yara biyu masu kama da juna kamar tagwaye, mace da namiji, kuma macen za ta yi yawancin wasan cikin shigar maza har wata mace ta kamu da son ta. Ka san liman yana layin gaba.

Na zamani, irin Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino, suna da fa'idar da tsofaffin ba su da ita. Hausarsu ta yau ce, bugunsu sabo ne ba ka sha wahalar nema, kuma marubucin wannan zamani kana iya samun sa ka nemi izininsa kafin ka nuna aikinsa, wanda haƙƙinsa ne. Amma ka tsaya a shagon ka karanta fitowa biyu ko uku. Wasu sababbin wasannin an rubuta su ne da fim a zuciya, yanzu ana ofis, anjima ana cikin mota, can ana asibiti. Kyamara tana iya wannan tsalle, filin makaranta ba ya iyawa.

Sai maganar takardar kanta. Yawancin tsofaffin nan kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ne ya buga su, kuma a shagunan littattafai na Sabon Gari a Kano ake neman su. Jabu ya yi yawa. Na taɓa sayo kwafi shida masu arha a wani shago, sai da muka yi mako biyu muna gwaji sannan muka gano an tsallake shafuka a tsakiya, an maimaita wasu. Buɗe kowane kwafi, bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya, duba ko ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sun fito, domin yaro abin da ya gani shi zai furta. Ba sai kowa ya sami nasa ba. Kwafi biyar na asali sun ishi ƙungiya: ɗaya naka, ɗaya na mai tuni da zai tsaya bayan labule, uku na manyan 'yan wasa. Masu ƙananan fitowa su kwafe layukansu da hannu a littafin rubutu, hakan ma yana sa hadda ta zauna.

Akwai kuma wasan da ba a saye. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa shiga garuruwa irin su Soba da Maska, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su haɗa wasa a kai su nuna a dandalin garin. Yaranka za su iya irin wannan na minti goma sha biyar, a kan tsadar taki, ko burtalin da aka nome, ko ruwan da kogin Haɗeja yake kwararo mana cikin gonaki da damina. Sharaɗin kawai kada a kwaikwayi wani takamaiman mutumin gari.

Mu bana 'yan mata huɗu aka ba mu. Za mu buɗe da ɗan gajeren namu a kan ambaliya, sannan Uwar Gulma da na rage masa fitowa biyu. Gwaji zai fara da zarar an gama cirar gyaɗa yara sun dawo aji.