Mako goma a Faragwai: horon wayar da kai kan muhalli, daɗinsa da ɗacinsa

Tun da na dawo Kaduna abokan aiki a makarantarmu ta Rigasa suke tsare ni da tambaya ɗaya: "Malam, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?" To ga amsar a rubuce, kowa ya huta.

Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke shirya horon, domin masu aikin sa kai da za su riƙa wayar da kan jama'a game da muhalli. Mako goma muka yi a wani ƙauye kusa da Asunsiyon, babban birnin Faragwai, ƙasar da ke tsakanin Birazil da Ajantina da Bolibiya. Gidajen mutanen gari aka rarraba mu. Ni na faɗa hannun wata dattijuwa, Inna nake ce mata, ita ma ta saba tana amsawa.

Kullum da safe darasin harshen Gwarani ake fara yi mana. Da farko na yi ta ƙunƙuni, dashen itace na zo koya, me ya haɗa ni da wannan? Tun 1992 tsarin mulkinsu ya ɗora Gwarani kafaɗa da kafaɗa da Sifaniyanci, amma a ƙauye Gwarani ne harshen murhu da gona. A mako na huɗu aka kai mu wata firamare. Na tsaya ina bayanin illar leda da guntun Sifaniyancina, yara sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Da na ga abin ba ya tafiya sai na ce "Mba'éichapa", wato yaya kuke, na jejjefa 'yan kalmomin da na haddace. Nan take aji ya kaure, masu dariya na yi, masu gyara mini furuci na yi, wani yaro har ya ja hannuna ya nuna mini ramin da suke ƙona shara. Wallahi kunya ta kama ni. Shekara nawa ina cika allo da Turanci kan sare daji, ɗalibaina su kwafa tsaf, a tashi a aike su sayo gawayi, ba su san maganar ɗaya ce ba.

Sai terere, ganyen shayinsu da ake jiƙawa da ruwan sanyi a kofin ƙaho, a zuƙa da bututun ƙarfe guda ɗaya yana zagayawa, kamar ludayin fura a zaure. Ranar farko na zuƙa na yi godiya, aka daina miƙo mini. Ashe a wurinsu godiya na nufin ka ƙoshi. Masu horon sun nace cewa a irin wannan zama manomi ke buɗe ciki, kuma sun yi gaskiya.

Aikin hannu ma babu laifi: haɗa taki da ɓawon rogo da kashin shanu, renon itatuwa a yankakkun robobi. Ba su ɓoye mana aibin ƙasarsu ba. Dokar 2004 ta hana sare daji a gabashi, amma a yankin Cako na yamma ana ta share daji domin kiwon shanu. Sun kai mu madatsar Itaifu, wadda suka haɗa da Birazil, mai ba da wutar lantarki megawat 14,000. Tamu ta Shiroro a kan kogin Kaduna 600 ce. Ban ce uffan ba.

Inda suka gaza kuwa, sun gaza. Na rubuta a takardar shiga cewa ba na cin naman alade, aka ce an shirya komai. Babu wanda ya gaya wa Inna. Sai da na gano da kitsensa take suya, na koma dafaffen rogo da ƙwai har mako biyu, baiwar Allah tana ta damuwa ko girkinta ne bai yi mini ba. Jadawalin bai san da Juma'a ba. Kuma ba a faɗa mana a watan Yuli hunturu ake yi can ba, na tafi da kaftanai marasa nauyi na sha ɗari. Makon ƙarshe ya ƙare a cike takardun rahoto, alhali da a gona aka bar mu ya fi.

Malamin makaranta ko malamin gona da zai jure a yi masa dariya a harshen da bai iya ba, ya je, amma ya kira gidan da zai sauka da kansa kafin ya hau jirgi. Mai neman takardar shaida kawai, kuɗin jirgin ya fi ƙarfin abin da zai samu.

Yanzu muna da madaci da dogon yaro a robobi bayan ajinmu, da Hausa muke darasin. Awakin maƙwabta sun cinye layin farko, 'yan aji biyar suna ta tara kara za mu yi shinge ranar Asabar.