Cigiya da nema ruwa a jallo: kundi biyu ne a wurin 'yan sanda

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya a kan ƙanenta ɗan shekara 19 wanda ya fita da safe zuwa kasuwa, yau kwana uku ke nan ba shi ba labarinsa. Ta ce manyan gidansu sun hana a je caji ofis, domin suna tsoron da zarar sunansa ya shiga takardar 'yan sanda za a lissafa shi cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo, tabon kuma ya bi shi har ranar da zai nemi aiki ko biza. Tana son sanin ko wannan tsoro yana da tushe.

'Yar'uwa, Allah ya bayyana shi cikin ƙoshin lafiya. Tsoron iyayenku ya samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu waɗanda a baki kawai suka yi kama, tunda a dukansu ana cewa "'yan sanda suna neman wane". A doka kuwa kowanne da ƙofar da yake shigowa ta cikinta, da wanda yake da ikon buɗe shi, da kuma yadda ake rufe shi.

Nema ruwa a jallo yana farawa ne daga zargin laifi, kuma bisa tsari hannun kotu yana ciki. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayyar Najeriya ta 2015 ta tanadi cewa idan an ba da takardar izinin kama mutum, sai ya gudu ko ya ɓuya har aka kasa aiwatar da ita, kotu tana iya wallafa sammaci ga jama'a, ta ba shi wa'adin da bai gaza kwana 30 ba ya bayyana a gabanta. Cigiya ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Ɗan'uwa, ko maigida, ko malamin makarantar allo zai je kantar caji ofis ya ba da bayani, a rubuta a littafin ofis, a karɓi hoto, a aika wa sauran ofisoshi. Mutumin da ake cigiya ba a tuhumarsa da komai, domin barin gida ba laifi ba ne ga baligi, balle wanda wataƙila hatsari ko rashin lafiya ko mugun hannu ya tsare shi.

Akwai maganar da ta yaɗu a tsakanin jama'a cewa sai an cika awa 24 kafin 'yan sanda su saurari rahoton ɓacewa. Dokar 'yan sanda ta 2020 akasin haka ta faɗa: wanda ya san cewa wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ko yake yi masa aiki ya ɓace, wajibi ne ya kai rahoto cikin awa 24. Wato wa'adin na gaggautawa ne, an juya shi ya zama na jinkiri, kuma a ganina babu kuskuren da ya fi wannan cutar da iyalai, tunda a sa'o'in farko ne mai shayi na bakin tasha yake iya tuna fuskar yaron da launin rigarsa.

Batun tabo, wanda shi ne ainihin damuwar gidanku, yana rataye ne da wani kundi na daban. Dokar 2015 ɗin ta tanadi babbar rajistar bayanan laifuka a rundunar 'yan sanda, inda ake tattara bayanan waɗanda aka kama da hukuncin da kotuna suka yanke, kuma da zanen yatsu ake tantance mutum idan ya nemi takardar shaidar rashin laifi don tafiya ƙasar waje. Abin da ake dubawa a can shi ne tarihin laifi, rahoton cigiya kuwa ba tarihin laifi ba ne. Ko wanda aka ayyana ana nemansa ma, tsarin mulkin 1999 a sashe na 36 yana ɗaukarsa mara laifi har sai kotu ta tabbatar da akasin haka, duk da cewa a idon jama'a hoton da ya fita a jarida da wuya ya goge.

A matakin ƙasa da ƙasa an raba su har da launi. Hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa da ƙasashe mambobi 196, tana fitar da jar sanarwa a kan wanda wata ƙasa take nema don gurfanarwa ko don ya yi zaman hukuncinsa, tana kuma fitar da sanarwa mai launin rawaya a kan wanda ya ɓace, galibi yara, ko wanda aka tsinta bai iya faɗin ko shi wane ne ba. Akwai ta uku, baƙa, wadda ake neman dangin gawar da ba a gane ba da ita. Jar sanarwa ba umarnin kamu ba ce. Roƙo ne ga ƙasashe, kowace kuma tana aiki da shi gwargwadon dokarta, domin Interpol ba ta da jami'an da suke kama mutum da hannunsu. Abin da ya faru da Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ya nuna yadda wannan ɓangare yake tafiya: ya tsallake beli a 2020, aka kama shi a Yamai aka dawo da shi Abuja a watan Disamba na shekarar, sannan a Nuwamban 2021 kotu ta yanke masa shekara takwas. Kafin a kamo shi, wanda kotu ta tura gidan gyaran hali shi ne Sanata Ali Ndume, saboda shi ya tsaya masa a beli. Wannan nauyi ne na mai sa hannu a takardar beli kaɗai, domin doka ta haramta a kama ɗan'uwa a madadin wanda ake zargi, ko da yake kowa ya san ba kullum ake bin wannan haramci ba.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne ƙarfin da ake sakawa. Wanda ake nema ruwa a jallo yana da hukuma a bayansa, da mai gabatar da ƙara da alƙali ke jira, wani lokaci har da tukuici ga wanda ya tsegunta. Wanda ake cigiya, yawanci danginsa ne kaɗai ke ɗauke da maganarsa, kuma idan suka gaji fayil ɗin ya kwanta. A 2019 ƙungiyar agaji ta ICRC ta ce kusan mutum 22,000 aka yi wa rajistar ɓacewa a wurinta a Najeriya sakamakon rikicin arewa maso gabas, kusan kashi 60 cikin ɗari kuma yara ne a lokacin da suka ɓace. A shekarar ce kuma 'yan sandan Kano suka gano yara tara da aka sace aka sayar a Onitsha, wasunsu bayan shekaru, an canza musu suna. Iyayen da suka riga suka kai rahoto da hoto su ne suke da abin nunawa a irin wannan rana.

Rufewar kundin biyu ma ba iri ɗaya ba ce. Neman mai laifi yana ƙarewa da kamu, ko miƙa wuya, ko janye tuhuma. Cigiya kuwa tana iya daɗewa har ta shiga maganar aure da gado: dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin mamaci idan waɗanda ya kamata su ji daga gare shi suka yi shekara bakwai ba su ji ba, a mazhabar Malikiyya kuma matar wanda ya ɓace tana jiran shekara huɗu daga lokacin da ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takaba. A irin waɗannan shari'u, ranar da aka rubuta a littafin caji ofis tana zama hujja mai ƙarfi a kan lokacin da aka daina ganinsa.

Akwai wuri ɗaya da kundin biyu suke haɗuwa, kuma shi ma dalili ne na zuwa. Saurayi mai irin shekarun ƙanenki yana iya faɗawa cikin kamen da aka yi a kasuwa ko a tasha, yana tsare a wani ofis alhali ana nemansa a asibitoci. Doka ta wajabta a rubuta duk wanda aka kama, a kuma sanar da danginsa ba tare da an caje su ba, saboda haka tambayar farko a kantar caji ofis ita ce a duba littafin tsararru na kwanakin nan uku.

Ki tafi da babba ɗaya daga gidan zuwa ofishin da ke kula da unguwarku, da hotonsa na kwanan nan, da lambar wayarsa, da bayanin tufafin da ya sa da duk wata alama a jikinsa, ki nemi sunan jami'in da aka ba binciken da lambar da aka rubuta rahoton a kanta. Daga nan a sanar da mai unguwa da limami, a kai cigiya gidan rediyo, a leƙa sashen gaggawa na manyan asibitoci. Idan za a sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp, a rubuta kalmar "cigiya" ƙarara a samansa, kada a rubuta "ana nemansa" kawai, domin hoto yana yawo ya rabu da bayaninsa, wani ya gan shi a wani gari ya ɗauka ɓarawo ne. Duk wanda kuma ya kira ya ce yana hannunsa a tura kuɗi, a nemi jin muryar yaron tukuna, a kai lambar ga jami'in binciken. Ranar da Allah ya bayyana shi, a koma ofishin da shi a rubuta cewa an gan shi.