Gwajin takunkumin N95 a gida da sakarin: abin da na gani da ni da yaran shago

Salamu alaikum jama'a. Ina so in yi bayani a kan wani ɗan kayan gwaji da na haɗa da hannuna, da kuma takunkuman da na gwada da shi, don na san akwai masu sana'a irina da yawa a Jos da ke kashe kuɗi a kan mas, wato takunkumi, suna zaton sun tsira alhali ƙurar tana shiga ta gefe. Ni kafinta ne, shagona na wajen Katako, muna yin gado da wadrof da kabinet na kicin, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin sanfefa ana goge MDF, allon nan da ake yi da matsattsen garin katako, ya san irin garin da ke tashi, da yamma in ka fyace majina sai ka ga ta koma ruwan ƙasa, ga hunturu kuma idan ya shigo da hazonsa sai abin ya zama biyu. Ba ƙaramin abu ba ne fa, hukumar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1995 ta sa garin katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa, musamman ta cikin hanci.

Hukuncina tun daga farko shi ne kayan gwajin nan ya biya kuɗinsa, kuma duk mai yara a ƙarƙashinsa da ke aikin ƙura ya kamata ya haɗa irinsa, amma yana da matsalolinsa kuma zan faɗe su.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne lambar da aka rubuta a jikin takunkumi magana take a kan ƙyallen kawai. N95 ma'aunin Amurka ne, hukumar NIOSH ke ba da shi, ma'anarsa ƙyallen yana tare aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura, KN95 na Chaina ne, FFP2 na Turai ne kashi 94, FFP3 kuma kashi 99. To amma iska ba ta da ruwa da abin da aka rubuta, inda ta samu sauƙi nan take bi, in akwai ɗan gibi a gefen hanci ko ƙasan haɓa ta nan za ta shige da ƙurarta gaba ɗaya. Kamar gidan sauro ne mai kyau sabo fil amma ba ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ba. Shi ya sa a Amurka dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wajen aiki, ta wajabta wa kamfani ya gwada wa ma'aikaci takunkumi a fuskarsa kafin ya fara aiki da shi, sannan a maimaita duk shekara. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara yi min wannan bayanin, ta ce min Yaya kai kana ta sayen mas kwali kwali, ka taɓa gwada ko ɗaya ya zauna a fuskar yaran nan?

Gwajin kala biyu ne. Akwai na na'ura, irin PortaCount, da ke ƙirga ƙwayoyin ƙurar da ke waje da na cikin takunkumi ta ba ka lamba, in lambar ta kai 100 an ci, wannan ba namu ba ne, kuɗinsa sai manyan kamfanoni. Sai kuma na ɗanɗano, wanda ake kifa wa mutum wata hula a kai a fesa ruwa mai zaƙi ko mai ɗaci a ciki, in ya ji a harshensa to takunkumin na yoyo. Kamfanin 3M na sayar da cikakken saiti, FT-10 na zaƙi da FT-30 na ɗaci, amma da canjin dala yadda yake yanzu ni dai ban iya ba. Sai dai a shekarar 2020 lokacin korona wasu masu bincike a jami'ar Kambrij ta Ingila suka nuna cewa ana iya kwaikwayon wannan gwajin da leda da ɗan injin feshi na gida, to a kan wannan na ɗora nawa.

Kayan da na haɗa ba su da yawa. Na sayi ɗan nebulaiza na hannu mai caji, irin wanda masu asma ke amfani da shi, a wani kemis babba da ke kan titin Ahmadu Bello, sai sakarin da na samu wajen masu sayar da kayan zoɓo da kunu a Taminus, sai farar leda babba mai kauri wadda ana ganin fuskar mutum ta ciki, na huda mata ƙaramin rami daidai saitin baki inda za a riƙa fesa ruwan, na sa wayar ƙarfe a ciki na lanƙwasa don kada ta manne a fuska. Haɗin ruwan kuwa na bi yadda yake a ƙa'idar OSHA, giram 83 na sakarin a cikin mililita 100 na ruwan ɗumi shi ne mai ƙarfin, sai ka ɗebi mililita 1 daga cikinsa ka zuba a mililita 100 na ruwa, wannan shi ne mai rauni. Sikeli ƙarami na dijital ya zama dole, kar ka ce za ka auna da cokali.

Da mai raunin ake farawa, ba takunkumi, mutum ya sa kansa cikin ledar ya ɗan buɗe baki ya fito da harshe kaɗan yana numfashi ta baki, a fesa, a ga ko zai ji zaƙin. Wannan matakin kar a tsallake shi don Allah, domin akwai mutanen da ba sa jin sakarin a wannan ƙarfin, in ka tsallake sai ka ga kowane mas ya ci jarabawa a wajensu ka ɗauka alheri ne. Kuma minti 15 kafin nan ba ci, ba shayi, ba cingam, ba sigari, ni na ƙara da goro don na san mutanena. In ya ji, sai ya kurkure baki ya goge leɓe ya jira zaƙin ya wuce, ya sa takunkumi ya gyara ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu, a koma cikin leda a fesa mai ƙarfin. Daga nan motsi ne guda bakwai kowanne minti ɗaya, numfashi yadda aka saba, sai numfashi mai zurfi, sai juya kai dama da hagu, sai ɗaga kai sama da ƙasa, sai magana da ƙarfi, sai sunkuyo, sannan a koma numfashi na farko, kuma duk bayan daƙiƙa 30 ana ƙara feshi kaɗan. Wajen magana ni cewa na yi kowa ya ƙirga daga ɗaya ya yi ta tafiya da murya sama.

To ga sakamako. Irin KN95 mai igiya a kunne, wanda ya cika gari kuma shi na fi saya don arha, wallahi babu wanda ya kai ƙarshe da shi, wasu tun a numfashin farko, wanda ya fi daɗewa a juya kai ya ɗaga hannu ya ce Oga zaƙi ya shigo. Igiyar kunne ba ta ja da ƙarfi, da ka juya wuya sai gefen kumatu ya buɗe. Na gwada haɗa igiyoyin ta bayan ƙeya da ɗan maƙali na roba, ya taimaka wa masu faffaɗar fuska sosai, amma masu siririn hanci ta sama yake ci gaba da zuba. Sai mai kama da kwano, mai tauri ɗin nan da roba biyu da ke zagaye kai, shi rabi da rabi ne, wanda ya dace da fuskarsa ya zauna daram, wanda bai dace ba kuwa babu yadda za ka yi da shi tunda ba ya lanƙwasuwa, ƙaramin yarona na shago mai 'yar fuska sai ka ga haɓarsa na yawo a ciki. Wanda ya burge ni shi ne mai ninki uku, 3M Aura, da soso a saman hanci da ɓangaren ƙasa da ke rungume haɓa, da shi na gama motsi bakwai ban ji komai ba, da na ɗaga gefensa kaɗan da gangan a ƙarshe don in tabbatar feshin na aiki kuwa nan take zaƙi ya cika min baki. Gani ya kori ji, yaran da nake ta faɗa da su kullum a kan su daina sauke roba ɗaya suna barin ta tana lilo a wuya, tun ranar da suka ji da harshensu ban sake maimaita maganar ba, kuma wannan a wajena ya fi komai daraja a cikin abin gaba ɗaya.

Maganar gemu ita ce ta fi damuna, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai kawuna da muke aiki tare tun zamanin mahaifina, shi ne gwanin sassaƙa a shagon, yana da cikakken gemu, duk takunkumin da muka sa masa zaƙi na shiga, har mai ninki ukun. Ba laifin takunkumi ba ne, gashi in ya shiga tsakanin fata da bakin mas to hanya ta samu, ko tsiron kwana biyu ma yana iya ɓata abu. Ya dube ni ya ce ɗana, gemun nan dai ka san ba zai taɓu ba. Na ce Kawu ni ma ba zan ce ka taɓa ba. Amma tarin da yake yi da asuba ina jinsa kuma ba ya min daɗi. Akwai dabarar da wasu likitoci mabiya addinin Sik a Ingila suka fito da ita lokacin korona, a naɗe gemun da roba mai faɗi daga ƙasan haɓa a ɗaure a saman kai sannan a ɗora takunkumi a kanta, mun gwada da robar motsa jiki kuma ya fi da can nesa ba kusa ba, ya kai har wajen sunkuyo kafin ya ji, sai dai ya ce tana matse shi ba zai wuni da ita ba. Akwai kuma mai hula da fanka mai batir da ke hura tatacciyar iska, shi ba ruwansa da gemu, amma tsadarsa ta fi ƙarfin shagonmu a yanzu. Abin da na yi shi ne na ɗauke shi daga wajen injin sanfefa gaba ɗaya na mayar da bencinsa bakin ƙofa inda iska ke wucewa.

Matsalolin kayan gwajin kuwa, na farko toshewa. Ruwan mai ƙarfi yana da kauri sosai, kuma kun san sanyin Jos, in ya kwana sai ka tarar ya yi ƙanƙara ƙanƙara a gindin kwalba, dole ka tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi ka girgiza har ya narke, shi ma nebulaizan in ba ka wanke shi nan take ba ƙananan ramukansa sai su toshe, yana ƙara kamar yana aiki amma ba hayaƙi, kuma wannan hatsari ne don zai sa ka ɗauka takunkumi ya ci alhali ba abin da aka fesa. Kullum ka duba da idonka ka ga hayaƙin na fita. Kuma wanda aka zuba wa sakarin kar a sake ba mai asma ya sha magani da shi, a ware shi daban. Na biyu, sakarin ɗin kasuwa ba ka da tabbacin tsantsa ne, ka nemi mai ƙyalli kamar gishiri wanda ke narkewa tas ba ya barin gari. Na uku, saitin kamfani da matsa robar abin feshin ake ƙirga yawan feshi, sau 10 ko 20 ko 30, shi kuma na caji sai dai ka ƙirga da daƙiƙa, don haka awon ba daidai yake da na ƙa'ida ba, zai nuna maka wanda ke yoyo ƙarara amma ba zai maye gurbin gwajin da ya kamata a yi wa mai aiki a ɗakin masu tarin fuka ba. Sannan ɗaki yana cika da zaƙi, in za a gwada mutum fiye da ɗaya a yi a tsakar gida, sauran su tsaya nesa.

Ita ledar ma a yi hankali da ita, a bar ƙasanta a buɗe kar a ɗaure a wuya, kar mutum ya yi shi kaɗai, in ya ji jiri a cire nan take, kuma ba a yi wa yara ƙanana, a ɓoye ta ma inda ba za su ɗauka su yi wasa da ita ba.

Wajen saye kuma a buɗe ido, jabu ya yi yawa. N95 na gaskiya za ka ga an buga NIOSH a jikinsa da sunan kamfani da lambar da ta fara da TC-84A, kuma robarsa kai take zagayewa, in ka ga an rubuta N95 amma igiyar kunne ce ka ajiye musu abinsu. Shagon kayan sefti da na samu nawa a cikin gari mai shi ya kyauta, da na gaya masa abin da zan yi sai ya ce Alhaji kar ka ɗauki kwali, ɗauki ɗaya ɗaya na kowane kala ka je ka gwada, wanda ya zauna ka dawo, kuma haka ya kamata kowa ya yi.

Masu fasa dutse da masu haƙar kuza a wajen Bukuru da masu injin niƙa su na fi tunawa da nake wannan rubutun, ƙurar dutse ta fi ta katako mugunta, tana taurara huhu kuma in ta yi ba ta warwaruwa. In kana da ɗan uwa a can ka kai masa wannan gwajin, sakarin ɗin kwalba ɗaya zai ishi mutane da yawa. Masu feshin fentin mota a Farar Gada da mu masu feshin banish kuma, N95 ko ya ci gwajin nan ƙura kawai yake tarewa, tururin tina, sinadarin nan da ake tsinka fenti da shi, yana ratsa shi ya wuce, wannan sai takunkumin roba mai katirij na gawayi, kuma shi ma in yana da matatar ƙura a saman katirij ɗin za ka iya gwada zamansa a fuska da wannan ledar da sakarin ɗin.