Slurm ko HTCondor: wanne ya dace da sabobinku shida?

Ɗan'uwa, ka ce kuna da sabobi shida, wato kwamfutocin da ake tura wa aiki, a ɗakin binciken sashenku, ɗalibai suna ta cin karo a kansu, kuna kuma amfani da WRF, manhajar hasashen yanayi, kana tambayar ko Slurm za ku ɗora ko HTCondor. Dukansu manhajoji ne na kyauta, kuma aikinsu jera ayyuka a layi da raba su ga injuna. Abin da zai raba maka gardama shi ne irin aikin da kuke yi.

Slurm ya fito ne daga cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka a farkon shekarun 2000. An gina shi don babban aiki guda ɗaya da zai kama injuna da yawa a lokaci ɗaya suna musayar bayanai ta MPI, wato tsarin da sassan aiki ɗaya ke aika wa juna saƙo da shi, irin hasashen yanayi da WRF. Sai dai yana da sharuɗɗa: agogon injunan ya zama daidai, lambar kowane mai amfani ta zama iri ɗaya a kowace saba, a ɗora manhajar munge don tantance masu amfani, galibi kuma a haɗa su a ma'ajiya ɗaya ta NFS, wadda duk injunan ke ganin fayilolinta ta hanyar sadarwa. Nan ne masu farawa suke shan wuya. Da an wuce wannan, sauran sbatch ne, umarnin tura aiki, da squeue, umarnin duba layi.

HTCondor ya girme shi nesa ba kusa ba. An fara shi a Jami'ar Wisconsin-Madison a 1988, ana kiran sa Condor har zuwa 2012. Shi gwani ne wajen ƙananan ayyuka masu tarin yawa waɗanda ba ruwan wani da wani. Yana kai fayiloli ya dawo da sakamako da kansa, ba sai da ma'ajiya ɗaya ba, kuma yana iya aron kwamfutocin ofis idan masu su sun tashi. CERN ma, cibiyar binciken kimiyyar nukiliya ta Turai, da shi take tafiyar da layin ayyukanta. MPI kam yana yi, amma da ƙyar da jiɓin goshi.

Tunda ka ambaci WRF, ni Slurm zan ce ku ɗora. Akwai kuma ribar gefe: ɗalibin da ya saba da shi a wurinku ba zai zama baƙo ba idan ya samu gurbi a manyan kwamfutocin bincike na waje, don da yawansu shi suke amfani da shi. A Slurm akwai saba ɗaya mai kula da layin, ita za ku fara sa wa batiri saboda ɗauke wuta.