Wuƙar Maƙera ko 'Yar Kanti?

Tun da na sayo sabbin wuƙaƙe biyu a kasuwar Gusau, abokai ke ta tambayata wacce za su ɗauka.

Ta maƙeran daga sifirin ɗin tsohuwar mota aka ƙera ta, ƙotar itace, kuben jar fata, kuɗinta ma ciniki ne. Kaifinta sai wanda ya gani. Ran suna da ita muka feɗe rago, fata na zamewa kamar ana cire riga. In ta dakushe, a wasa ta a dutse, ta dawo. Aibinta tsatsa: na bar ta da laima dare ɗaya, da safe bakin ya yi ja, raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu man gyaɗa nake shafa mata.

'Yar kanti ba ruwanta da tsatsa, ga sheƙi. Sai dai mai arahar saurin dakushewa gare ta, in ƙotar roba ta fashe kuma shi ke nan.

Mahauci da mai layya, ta maƙera ce tasu. Uwargida mai yankan albasa da tumatir kullum, hannu cikin ruwa, 'yar kanti ta fi mata sauƙi.